Gishiri, koren magani ko farazikwantel: wanne za ka zuba wa kifin zinare mai ciwon fata?

Ka wayi gari ka leƙa akwatin gilashi, sai ka tarar kifin zinarenka ya tsuke fukafukai, yana goga jiki da tsakuwa, ga fararen ɗigo a wutsiyarsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Ka tambayi mutum uku ka sami amsa uku. Mai sayar da kifin ado ya miƙo maka ƙaramar kwalba mai koren ruwa. Maƙwabcinka mai kiwon tarwada ya ce gishiri kawai. Wani kuma ya ce ka ɓare kafso ja da yalo ka juye a ruwan. Kowa a cikinsu yana da kifin da ya taɓa warkewa a hannunsa, ba kuwa wanda zai ba ka labarin waɗanda suka mutu.

Magungunan nan ba kishiyoyin juna ba ne, kowanne da cutar da yake ji da ita. Ni da abu biyar nake auna su: ko maganin ya dace da abin da ke jikin kifin; tsadarsa da samuwarsa; sauƙin aunawa a gida; haɗarinsa ga kifi, ga matatar ruwa, da ga mai zubawa; sai daɗewarsa, a kwalba da kuma cikin ruwa. Akwai na shida da ke ratsa dukkansu, wato zafin ɗakinka da tsayuwar wutar lantarki, domin maganin da ke lafiya lau a ruwa mai digiri 20 yana iya kashe kifi a ruwa mai digiri 30 idan injin iska ya tsaya.

Me kake gani a jikin kifin?

Fararen ɗigo daidai ƙwayar gishiri, a warwatse a jiki da fukafukai da wutsiya, cutar farin ɗigo ce. Mai kawo ta wata halitta ce mai ƙwaya ɗaya da ake kira *Ichthyophthirius multifiliis*, wadda wani Bafaranshe mai suna Fuke ya bayyana a 1876. Sanin yadda take rayuwa shi ne rabin magani. Ɗigon da kake gani yana ƙarƙashin fata ne, inda babu maganin ruwa da zai kai gare shi. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasa, ya lulluɓe kansa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su 'ya'yan ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, kuma idan ba su samu ba cikin kamar kwana biyu sai su mutu. A wannan ɗan tsakanin ne magani ke cin su. A ruwa mai digiri 24 zuwa 26 zagayen yakan cika cikin ƙasa da mako guda, a ruwan sanyi kuwa sai ya ɗauki makonni. Shi ya sa wanda ya daina magani ranar da ɗigon ya ɓace ya kashe maciji bai sare kai ba.

Amma ka lura da inda ɗigon yake. Idan a murfin kumatu ne kawai da gefen gaba na fukafukan ƙirji, a jere tsaf, kifin kuma yana cin abinci yana bin ɗan'uwansa da gudu, to namiji ne da ya shiga lokacin barbara. Lafiyarsa ƙalau. Kifi nawa aka ɗura wa magani a kan wannan, Allah kaɗai ya sani.

Farin abu kamar auduga, mai zare-zare, yawanci a kan wani rauni, fumfunar ruwa ce, *Saprolegnia*. Ba ta cika kama lafiyayyen kifi ba, rauni take bi. Tana da ɗan kama mai haɗari: bakteriyar *Flavobacterium columnare*, wadda ke yin fari-fari ko toka-toka a baki ko a gadon baya kamar sirdi, tana cinye gefen fukafukai. Ita ba ta yin dogon zare, tana da sauri, kuma ɗumin ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi.

Idan babu ɗigo, sai dai kifi yana ta soshe-soshe, jikinsa ya yi hazo saboda yawan yauƙi, yana numfashi da sauri, to abin da ido ba ya gani ne. Ko dai ƙananan tsutsotsin fata da na mashaƙa (inda kifi ke numfashi), *Gyrodactylus* da *Dactylogyrus*, waɗanda suka zama ruwan dare a kifin zinare sabon saye, ko ƙwayoyi irin su *Trichodina* da *Chilodonella*. Ba a rarrabe su sai an kankaro ɗan yauƙi an duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta, aikin minti biyar ga likitan dabbobi.

Wasu kuwa ƙuru-ƙuru suke: zare mai kaurin gashi da ya fito daga jan tabo, ƙarshensa ya rabu biyu, shi ne *Lernaea*, faffaɗan ƙwaro kamar ƙwayar riɗi ko ya ɗan fi, yana yawo a jikin kifi, shi ne kwarkwatar kifi, *Argulus*. Gyambo ja mai farin baki da ya ci ɓawo ya kai nama, galibi aikin bakteriyar *Aeromonas* ne. Jan jijiya a wutsiya, da baƙin tabo da ke fitowa daga baya, sau da yawa ƙunar amoniya ce, gubar da ke taruwa a ruwa daga dattin da kifi ke fitarwa, baƙin kuma alamar warkewa.

Ruwan tukuna

Kifin zinare maciyi ne, kashinsa da yawa, kuma ana yawan cusa shi a ƙaramin mazubi. Amoniya da naitirait, gubobin da ke taruwa daga dattin kifi, ya kamata su zama sifiri, naitiret kuma, wanda naitirait ke rikiɗa ya zama, ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan ba ka da abin gwaji, ka canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa, da ruwan da aka cire wa kulorin wanda ɗuminsa ya yi daidai da na ciki. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito da ƙarancin oksijin, ka bar shi ya sha iska. Magani a ruwa mai datti asarar kuɗi ce.

Sannan ka san litar tankinka. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a santimita, ka raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30, ruwa ya kai 25, lita 45 ke nan. Da shi zan yi lissafi har ƙarshe. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A nan bai sani ba.

Gishiri

Shi ne mafi arha, kuma babu garin da babu shi. Ana kai shi giram 3 a kowace lita, amma ba lokaci ɗaya ba: giram 1 a lita, bayan awa 12 a ƙara, bayan wasu 12 a cika. A tankinmu giram 45 sau uku, jimla 135. Ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar giram 5 zuwa 6, saboda haka ko babu sikeli ba za ka yi nisa da daidai ba. Ka narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Kifin zinare yana jure har giram 5 a lita na ɗan lokaci, wato akwai fili tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa, filin da sauran magungunan ba su da shi.

Yana aiki a kan farin ɗigo idan an kama shi da wuri, da *Chilodonella* da 'yan'uwanta, da fumfuna mara yawa. Yana rage wa kifi mai rauni wahalar ruwan da ke kutsawa jikinsa, yana kuma kare shi daga gubar naitirait. Ba ya cin oksijin, a wannan awon kuma ba ya rushe bakteriya mai amfani da ke cikin matatar ruwa. Ka bar shi kwana 10 zuwa 14, kana zuƙe ƙasan tanki, domin a can cutar ke hayayyafa.

Daɗewarsa ita ce amfaninsa, ita ce kuma tarkonsa. Gishiri ba ya lalacewa, ba ya bin tururi. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, ka cika da ruwa zalla. Idan ka ɗebe lita 15 ka zubar, ka mayar da giram 45. Mai ƙarawa kullum ba lissafi zai wayi gari da kifi a cikin romo. Yana ƙona tsirran ruwa, ba ya taɓa kwarkwata, kuma a kan tsutsotsin mashaƙa ƙarfinsa kaɗan ne. Akwai ma nau'in farin ɗigo da ke jure giram 3. Ka nemi gishiri zalla, mai tsakuwa-tsakuwa ya fi. Kanwa ba gishiri ba ce: tana sa ruwa ya yi kaifin alkali, a irin wannan ruwa kuwa amoniya ta fi guba.

Koren malakait da famalin

Wannan haɗin shi ne abin da ke cikin yawancin kwalaben da aka rubuta wa maganin farin ɗigo. In ana maganar ƙarfi, ya fi gishiri nesa ba kusa ba: yana kashe 'ya'yan farin ɗigo, da fumfuna, da ƙwayoyin da ke sa yauƙi. Awon da aka saba shi ne miligiram 0.1 na malakait da 25 na famalin a lita, amma tun da kowane kamfani da kaurin nasa, abin da ke jikin kwalba za ka bi, da sirinji, ba da murfi ba. Ana maimaitawa bayan kwana biyu ko uku, aƙalla sau uku, ana canja wani kashi na ruwa kafin kowane zubi. A cire gawayin matata domin yana shanye maganin, a kashe fitilar tanki domin haske na lalata malakait.

Ga inda gizo ke saƙa. Famalin yana cin oksijin: kowane miligiram 5 a lita yana cire kimanin miligiram 1 na oksijin. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Ka haɗa da kifin da cuta ta riga ta taɓa masa mashaƙa. Wanda ke Landan da ruwa mai digiri 20 da wuta dare da rana ba ya tunanin wannan. Wanda ke Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu, ɗaki kamar tanderu, dole ya yi. Ni na taɓa zuba shi da yamma a cikin bazara, aka ɗauke wuta bayan isha'i, da asuba na kwashe gawa uku cikin biyar. Maganin bai yi laifi ba, ni na zaɓi lokacin banza. Da sassafe ake zubawa, a ranar da kake gida, da injin iska mai batir a kusa.

Kwalbar kan tsufa. Idan ka ga farin gari ya kwanta a ƙasanta, famalin ya rikiɗa ya zama guba ga kifi, jefar da ita. Ga mutum ma ba abin wasa ba ne: sinadarin da ke cikin famalin yana jerin masu jawo cutar daji, malakait kuma an hana amfani da shi ga kifin ci a Amurka da Tarayyar Turai saboda yana daɗewa a nama. Ka sa safar hannu, ka ɓoye wa yara, kada ragowarsa ta je tafkin tarwada.

Shuɗin metilin

Rini ne da aka fara haɗawa a Jamus, shi ma a 1876, kuma an taɓa gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro. Yana da arha, yana daɗewa a kwalba, yana da sauƙi ga kifi a miligiram 2 zuwa 3 a lita. Amfaninsa na gaske fumfuna ce mara nisa, da kare ƙwai, da taimakon kifin da naitirait ya taɓa. A kan farin ɗigo mai yawa ba shi da kataɓus. Yana kashe bakteriyar matata, yana rina roba da tsakuwa, saboda haka a baho na daban ake amfani da shi, ba a babban tanki ba.

Famanganet

Wannan garin mai ruwan makuba masu kiwon kifi sun san shi, a kemis ma ana samu, kuma giram kaɗan zai kai ka shekara. Ƙonawa yake yi: ƙwayoyin cuta, bakteriyar da ke saman fata, fumfuna, tsutsotsi, datti, duk abin da ya taras. Shi ya sa yake da amfani a farkon cutar sirdi, wato ta *Flavobacterium*. Awonsa miligiram 2 a lita, ruwan ya tsaya ruwan hoda na awa huɗu. Idan ya koma ruwan ƙasa da wuri, datti ya cinye shi. A lita 45, miligiram 90 ake nema, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Babu yatsan da zai iya ɗibar wannan. Hanyar ita ce a auna giram 1 da sikeli mai kyau, a narkar a lita 1, a riƙa ɗibar mililita 2 ga kowace litar tanki. Ɗan ƙari kaɗan ya ƙona mashaƙa, kuma yana kashe bakteriyar matata. Kada ka haɗa shi da famalin: masu ƙyanƙyasar kaji da gangan suke haɗa su don hayaƙin da ke tashi. Ban ba sabon shiga shawararsa ba.

Farazikwantel

Shi ne dai maganin tsargiya da ake raba wa 'yan makaranta. A kifi aikinsa ɗaya, tsutsotsi, amma yana yin sa da kyau. Miligiram 2 zuwa 5 a lita, a bar shi kwanaki, a maimaita bayan mako guda domin *Dactylogyrus* ƙwai take yi, ƙwan kuma ba ya jin magani. Ƙwayar mutane mai miligiram 600 ce, rubu'inta 150, wanda a lita 45 ya ɗan haura miligiram 3 a lita. Ba ya son narkewa, sai an niƙa shi lukui an girgiza sosai a gora. Wanda aka haɗa don kifi ya fi sauƙin sha'ani, ya kuma fi tsada. Ba ya taɓa matata ko tsirrai, ba ya cin oksijin, kuma da wuya ya cutar da kifi. Farin ɗigo, fumfuna, kwarkwata da gyambo kuwa ko a jikinsu.

Ɗaga zafin ruwa, da kafso

Za ka ji ana cewa a kai ruwa digiri 30 don a kashe farin ɗigo. Shawarar masu kifin ƙasashen zafi ce. Kifin zinare asalinsa Sin, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Zafi yana rage masa oksijin, in kuwa cutar sirdi ce ka ɗauka farin ɗigo, ka zuba wa wuta fetur. A hunturu, idan ruwa ya yi sanyi sosai, ɗaga shi a hankali zuwa 24 yana gaggauta zagayen cutar ya rage kwanakin magani. Iyakarsa ke nan.

Kafso kuwa, ba ya kashe ko ɗaya daga cikin ƙwarin da na lissafa. Tetarasaikilin, maganin da ke cikinsa, a ruwa mai yawan kalsiyam ɗaurewa yake yi ya rasa ƙarfi, ya bar ka da ruwa mai kumfa da matata mai rauni. Gyambo mai zurfi yana bukatar maganin bakteriya, amma a abinci ko allura, da awon likita.

| Magani | Abin da yake ji da shi | Tsada | Aunawa | Haɗari | Daɗewa a ruwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Gishiri | farin ɗigo na farko, yauƙi, rauni | arha ƙwarai | cokali ya isa | kaɗan. Yana ƙona tsirrai | sai an canja ruwa |
| Malakait da famalin | farin ɗigo mai yawa, fumfuna, yauƙi | matsakaici | sirinji | babba a zafi ko rashin iska | kwana 2 zuwa 3 |
| Shuɗin metilin | fumfuna kaɗan, ƙwai | arha | sirinji | yana kashe matata | kwanaki |
| Famanganet | bakteriyar fata, ƙwari | arha | sai sikeli | babba ƙwarai | awoyi |
| Farazikwantel | tsutsotsin fata da mashaƙa | mafi tsada | da sauƙi, narkarwa ce wuya | kaɗan | kwanaki |

Wa zai ɗauki wanne

Mai tanki ɗaya a falo, ɗigo bai fi a ƙirga ba, kifi yana cin abinci, wuta kuma ba tabbas: gishiri da canjin ruwa, mako biyu cur. Idan bayan kwana biyar ɗigon ƙaruwa yake, a ɗaga zuwa giram 5 a lita ko a rage gishirin da canjin ruwa a koma koren magani.

Wanda kifinsa ya lulluɓe da ɗigo, ko ya riga ya fara rasa wasu, kuma yana da injin iska da ba zai tsaya ba: malakait da famalin tun farko, a dukkan tankin, ba a kan kifi ɗaya ba, domin cutar tana cikin tsakuwa. Idan ruwan ya haura digiri 27, ya fara da rabin awo ya ga yadda suke numfashi. Mai tsirrai masu rai ma nan zai fi karkata, ko ya cire tsirran ya yi gishiri.

Soshe-soshe babu ɗigo, musamman bayan sabon saye: farazikwantel, ana iya haɗa shi da gishiri. Mai yawan sayen kifi ya ajiye baho na daban, kowane baƙo ya yi mako uku zuwa huɗu a ciki kafin ya shiga cikin 'yan gida, da komarsa ta daban.

Auduga a kan rauni ɗaya: a ware kifin a baho, gishiri ko shuɗin metilin, sannan a nemo abin da ya ji masa ciwo, ko dutse mai kaifi ko abokin zama mai cizo. Farin baki ko sirdi mai saurin yaɗuwa: a sanyaya ruwa gwargwadon iko, a sa gishiri, a nemi likitan dabbobi a ranar, famanganet sai ga mai sikeli da ya taɓa yi.

Kwarkwata da tsutsa mai zare: babu ɗaya cikin biyar ɗin da za ka dogara da shi. A kama kifin da jiƙaƙƙen tsumma, a cire manyan da hantsaki a hankali, sannan a nemi maganin da ke hana ƙananan saɓa, irin mai sinadarin difulubenzuron. Kada wani ya ruɗe ka da ɗigon fiya-fiya; ko feshin maganin sauro a ɗakin da tanki yake a buɗe ya isa ya kashe kifi. Gyambo mai zurfi: ruwa mai tsabta, gishiri giram 3 a lita, sai likita. Idan akwai yanka a hannunka, ka sa safa kafin ka tsoma shi, domin akwai bakteriyar *Mycobacterium marinum* da ke tsallakowa daga kifi zuwa fatar mutum ta yi ƙurji mai wuyar warkewa.